Ƙaddamarwa Daban, Kasuwa Daban: Tallar Littafi a Gusau, Tsafe da Bungudu

Idan marubuci ya kammala littafi a Gusau, tambayar farko da dangi da abokai ke yi masa ita ce, "Yaushe za a ƙaddamar?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "A ina za mu samu mu saya?" Tsarin taron kuwa kowa ya haddace shi. A kama zaure, a buga katin gayyata ɗauke da sunan uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa, a ɗauko malami daga jami'a ya yi sharhi, sanƙira ya riƙe lasifika yana kiran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi kaza, a yi tafi. Wancan ya aiko wakili ya ce maigida zai ga marubuci daga baya. A yi addu'a a watse. Bayan wata uku kwalayen littafin na nan jibge a ɗakin marubuci, shi kuwa yana zarya ofis-ofis yana bin alkawari.

Ba raina ƙaddamarwa nake yi ba. Sau da yawa ita ce ke mayar wa marubuci kuɗin da ya ranto ya kai maɗaba'a, kuma tana da asali a ƙasar nan. Zamfara ƙasar makaɗan fada ce. Salihu Jankiɗi a Rawayya ta ƙasar Bungudu aka haife shi, Musa Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, ga Sa'idu Faru, ga Ibrahim Narambaɗa can ƙasar Isa. Kowannensu yana da ubangida mai ba da doki da riga da hatsi, kuma babu mai ganin abin a matsayin faɗuwa. Taron ƙaddamarwa wannan gadon ya ɗauko: mai fasaha ya kawo aikinsa gaban masu hali, su yi masa alheri a bainar jama'a. Sai dai akwai wurin da aka rabu. Waƙar makaɗi, da zarar an rera ta a ƙofar fada, ta shiga kunnen duk wanda ke tsaye a wurin, daga baya Rediyon Kaduna da kaset suka kai ta ƙauyen da makaɗin bai taɓa takawa ba. Kwafin da babban baƙo ya saya kuwa yakan ƙare a but ɗin mota. An yi kyauta, an samu kuɗi, amma littafin bai ƙaru da mai karatu ko ɗaya ba.

Wanda ya bi tarihin rubutun Hausa zai ga abu guda yana maimaita kansa: duk lokacin da rubutu ya yaɗu, akwai waɗanda suka ɗauki wahalar share masa hanya har zuwa hannun mai karatu. Tun kafin boko haka abin yake. 'Yandoto, kusa da Tsafe, cibiyar malamai ce tun kafin jihadi, kuma littafi yana isa irin waɗannan garuruwa ne a gafakar almajiri, a kwafe shi da hannu, wani ya ara ya sake kwafewa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga tsara waƙoƙi ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa mata dattawa da ake kira jaji, waɗanda ke zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar da matan da ba za su iya fitowa ba. Ba kuɗi take nema ba, amma ta warware matsalar da marubucin yau ke fama da ita, wato yadda rubutu zai shiga cikin gida.

Da boko ya zo, hukuma ce ta share hanyar. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da sauransu, makarantu kuma suka zama kasuwarsu. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, tana da motoci da dillalai masu kai su lardi-lardi, tana kuma fitar da jaridun larduna. Ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau ke cikinsa a lokacin, sunanta Zaruma. An rufe NORLA a 1959, kamfanin NNPC ya gaje ta a 1966. Shi ne a 1980 ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, bayan gasar da ya shirya. Hajiya Hafsat haifaffiyar Kano ce, amma ta yi zaman Gusau, har ta nemi takarar gwamnan Zamfara a farkon shekarun 2000. Littafinta ya shiga hannun jama'a ne saboda akwai kamfani mai rumbun ajiya da wakilai da alaƙa da makarantu. Marubucin wancan zamani rubutu kawai ke gabansa.

Wannan gata ya ƙare a shekarun 1980. Tattalin arziki ya taɓarɓare, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta da suka tabbatar za su sayu. A nan ne matasan Kano da Kaduna suka ɗauki abin da hannunsu, aka samu abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. An yi ta muhawara a jaridu kan ingancinsa, tsakanin Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da wasu, amma ta fuskar talla babu wanda ya kama ƙafarsa har yau, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi.

Dabara ta farko ita ce raba labari kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. Kowane kashi siriri ne, kuɗinsa bai fi ƙarfin ɗaliba ko matar aure ba, kuma ana yanke shi daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya. Kuɗin na ɗaya ke buga na biyu. Ƙungiyar Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, ta mayar da kowane littafi allon tallar sauran: a ƙarshensa za ka ga jerin littattafan 'yan ƙungiya da waɗanda ke nan tafe. Wanda ya sayi In Da So Da Ƙauna ya riga ya san sunan abin da zai nema gaba. Akwai adireshin marubuci a ciki, masu karatu na aiko da wasiƙu. Gidajen rediyo na karanta labaran. Masu hayar littafi a unguwanni na ba da shi kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan, kwafi guda ya zaga gida ashirin. Marubuta sun yi ta kukan cewa haya na rage musu ciniki, amma a ganina ita ce ta raini masu karatun da daga baya suka riƙa saye. Sannan ga 'yan sari a Bata da Sabon Gari na Kano, inda masu shaguna daga Sakkwato da Gusau da Maraɗi da Damagaram ke zuwa su ɗauka.

Sai dai a wannan tsari Gusau wurin sauke kaya ce. Littafi na tasowa daga Kano, ya bi Zariya da Funtuwa da Tsafe ya iso. Marubucin Gusau da ke son a ga aikinsa a shagon garinsu, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya kai shi Kano, ɗan sari ya karɓa bashi, in an sayar a biya, sa'annan littafin ya dawo gida a cikin kayan wani. Riba mafi tsoka wurin ɗan kasuwa take zama, har wasu marubuta suka gwammace su sayar da rubutun ɗungurungum su huta. Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996 ta samu gwamnati da ma'aikatu da gidan rediyo, amma ba ta gina tata kasuwar littafi ba.

Akwai kuma batun mutunci, wanda mai talla a Zamfara bai isa ya tsallake shi ba. A Gusau aka ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999. A Kano, a 2007, an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, sun nuna cewa littafin hikaya yana bi ta gaban mai gadi kafin ya isa ga mai karatu: uba, ko miji, ko malamar Islamiyya. Bango mai hoton da zai sa a ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa yana iya jawo ido a tasha, amma ya rufe wa kansa ƙofar makaranta da ta gidajen da suka fi yawa.

Yau kasuwar ta koma cikin waya. Marubuciya a Bungudu ba ta bukatar maɗaba'a ko ɗan sari. Tana rubutu a wayarta, tana sakin shafukan farko kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, idan labari ya ɗauki zafi sai ta tsaya ta ce daga nan sai an biya. A tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko katin waya, a nuna shaidar biya, a sa mutum a zauren masu biya. Tsohuwar dabarar na ɗaya da na biyu ce ta sake riga. Alherinta a fili yake: kuɗi na shiga hannun mai rubutu kai tsaye, kuma mai karatu a Yamai ko Kumasi ko Jidda daidai yake da na Tudun Wada.

Amma wayar tana da nata ramuka. Babba shi ne sata. Mutum ɗaya ya biya, ya kwashe littafin ya watsa a zauruka goma, ko wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla ba da sanin mai shi ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi irin wannan, amma wace marubuciya ce za ta bar girki da reno ta bi sawun wanda ba ta san ko a wace ƙasa yake ba? Abin da aka fi yi shi ne Allah ya isa a saman kowane shafi. Rami na biyu shi ne dogara da dandalin wani. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a can, sai ga shi an rufe shi a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda bai tara lambobin masu karatunsa a hannunsa ba, daga farko ya sake somawa, ko a ArewaBooks ko a wani wuri. Akwai kuma wani abu da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda: mafi yawan tallar da ake yi, a zaurukan marubuta ake yin ta. Marubuci ya tallata wa marubuci, a yi ta "Allah ya ƙara basira," kowa na jiran a sayi nasa.

Zamfara kuma ta ga abin da sauran wurare ba su gani da irin wannan tsanani ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan an riga an rufe kasuwannin mako-mako. Gusau ta samu sabis bayan kimanin wata guda, sauran ƙananan hukumomi suka jira har wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni hanyoyin littafi biyu, ta kasuwa da ta waya, duk sun toshe a lokaci ɗaya. Hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau, wadda kwalayen littafi ke bi, ta daɗe tana cikin hanyoyin da matafiya ke shiga da addu'a a baki. Abin da bai tsaya ba shi ne rediyo.

Shi ya sa nake mamakin yadda marubutanmu suka yi sakaci da kunne. Jama'ar da ta raini Ɗanƙwairo da Sani Sabulu na Kanoma jama'ar saurare ce. Akwai gidan rediyon jiha, akwai Pride FM ta Rediyon Najeriya a Gusau, kuma masu shirye-shiryen adabi kullum neman abin da za su cika fili suke yi. Babi ɗaya da aka karanta da murya mai daɗi ya fi fosta ɗari. Sharaɗin kawai shi ne a rufe da faɗin inda za a samu littafin da nawa ne kuɗinsa, a kuma tabbatar yana wurin kafin a faɗa. Mutumin Kwatarkwashi da ya ji talla, ya shigo Gusau ya tambaya a shago biyu aka ce ba a san shi ba, ba zai sake tambaya ba. Haka nan gajeren saƙon murya na minti uku yana shiga wayar wadda karatun boko bai zauna mata sosai ba, ita ce kuma za ta sa 'yarta ta nemo littafin ta karanta mata.

Kafin duk wannan, sai marubuci ya amsa wa kansa tambayar da yawancinmu ke gudu: wa na rubuta wa? "Kowa da kowa" ba amsa ba ce. Littafin nazari kasuwarsa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, da ta jiha a Maru, da kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan waƙar baka, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka, sun daɗe ana nemansu saboda duk ɗalibin da zai yi nazarin makaɗa sai ya bi ta kansu. Bukata ce ke sayar da su. Wannan daban yake da malamin da ke ɗaura makin jarrabawa a kan sayen littafinsa, wanda ba talla ba ce, ƙwace ne da rasit. Ɗan ƙaramin littafi kan kiwon lafiya cikin Hausa mai sauƙi yana da masu nema a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da asibitocin karkara. Littafin yara kuwa mai makaranta ake shawo wa kai, domin shi ke sa shi a jerin abin da iyaye za su saya.

Idan ana neman gwanayen wannan sana'a a garuruwan nan uku, a je ƙofar masallacin Juma'a. Mai shimfiɗa tabarma ya jera Ahalari da Ishmawi da Iziyya da littattafan addu'o'i, kusa da mai turare da mai carbi, bai taɓa buga katin gayyata ba. Ya san ranar da jama'a ke taruwa da sa'ar da suke fitowa, ya san abin da aljihunsu zai ɗauka, kuma mako mai zuwa yana nan a wurin. Marubucin tarihi ko tarbiyya ko nasihar aure da ya ba irin wannan mutum kwafi goma, da la'ada bayyananna a rubuce, ya fi wanda ya kai ɗari kantin da ba ya sayar da komai sai littattafan firamare da biro. Ta ɓangaren mata kuma akwai dillaliya mai shiga gida-gida da atamfa da turaren wuta, akwai mai kitso da mai lalle, akwai taron adashe da walimar sauka. Kai kaya ma ba shi ne matsala ba: kullum direbobi na ɗaukar saƙo daga tashar Gusau zuwa Bungudu da Tsafe, ga masu POS a kowace kusurwa.

Gasa ma hanya ce, ga wanda ya shirya mata. Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta fito da sunayen mata da dama da ba a san su ba. Cibiyar Gusau Institute, wadda Janar Aliyu Mohammed Gusau ya kafa, tana shirya gasar marubutan Hausa, ko da yake mazauninta Kaduna ne. Bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF ya soma a 2021, ga Ranar Hausa ta Duniya kowace 26 ga Agusta. Amfanin irin waɗannan shi ne suna sa a ambaci sunan mutum na 'yan kwanaki. Idan a kwanakin nan ba shi da littafin da za a iya saye, an yi ruwa ƙasa ta shanye.

Sai kayan da ake tallar kansa. Takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da mafi yawanta, tun da masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin suka durƙushe, kuma faɗuwar naira daga 2023 ta ninka kuɗin ɗab'i. Buga dubu don a ce an buga dubu ya zama ganganci. Gara a karɓi kuɗin masu so tun kafin a kai maɗaba'a, a buga kaɗan, in ya ƙare a sake. A nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, a ajiye musu kwafi ukun da doka ta ce. A ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya gyara. Littafin da bai bambance ƙ da k ba ya kori malamin Hausa tun daga shafin farko, alhali shi ne zai iya kai shi aji. Bayan bango kuma, inda mai saye ke fara juyawa, an saba cika shi da hoton marubuci da jerin makarantun da ya yi da yawan 'ya'yansa. Layi biyar da ke faɗin abin da ke cikin littafin sun fi wannan aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne marubucin Zamfara yakan ɓoye hajar da ta bambanta shi da kowa. Yana kwaikwayon Kananci, yana kafa labarinsa a unguwannin masu kuɗi na Abuja, alhali labarin da duniya ke tambaya yana ƙofar gidansa: gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, haƙar zinari, manomin da gonarsa ta gagare shi, matan da suka baro ƙauye suna kwana a kangaye a Gusau, masaƙar da ta mutu, jirgin ƙasan Ƙaura da ya daina zuwa. Baƙi ne ke rubuta waɗannan, da Turanci. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat ya kai ga wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa a 2012 saboda ya faɗi rayuwar gidan Bahaushe yadda take. Labari da aka zuba da Zamfarci a bakin taurarinsa, a kan abin da mutumin Tsafe ya gani da idonsa, ba shi da abokin gasa a Bata.

Marubuci ɗaya ba zai iya ɗaukar duk wannan ba, kuma bai kamata ya jira gwamnati ba, ko da yake haƙƙinta ne ta sayi littattafan 'yan jiha ta zuba a ɗakunan karatu na makarantu. Kirana ga ƙungiyoyin marubuta na Gusau da takwarorinsu na Tsafe da Bungudu shi ne su ɗauko abin da Raina Kama ta yi fiye da shekara 30 da suka wuce. A tattara sunan kowane littafi da ɗan jiha ya wallafa a takarda ɗaya, da kuɗinsa da inda ake samunsa, a sa ta a ƙarshen duk sabon littafi. A nemi shago guda amintacce a kowane gari cikin ukun a ajiye kanta ɗaya ta marubutan gida. A karɓi fili na mako-mako a rediyo da sunan ƙungiya, a riƙa karɓa-karɓa. Kuɗin da wannan zai ci a shekara bai kai na hayar zaure da abincin taro biyu ba.